A Cikin Rumbun Red Oak Victory, Jirgin Dakon Harsasai

Hanyar da ke kai mutum wurin Red Oak Victory, tsohon jirgin ruwan Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, ba ta yi kama da hanyar zuwa wurin tarihi ba. Daga Oakland muka taso ni da ɗan yayata, wanda ke aikin jinya a can, muka miƙa arewa a kan babbar hanya mai lamba 580 har Richmond, a gaɓar gabas ta mashigin ruwan San Faransisko. Muna sauka daga babbar hanyar sai gidaje suka ƙare, muka faɗa unguwar tashar jiragen ruwa. Ba abin da kake gani sai layin dogo da tankunan mai da shingen waya, sai kuma filaye maka-maka cike da sababbin motocin da aka sauke daga jirage. Yaron ya rage gudu ya ce, "Kawu, anya ba mu yi ɓatan kai ba?" Na ce ya dai ci gaba, jirgin dako ai a wurin dako ake samunsa. Can a ƙarshen titin muka hango wata tsohuwar ƙugiyar ɗaga kaya, doguwa, tsaye a kan ƙafafu huɗu, a kusa da ita kuma ga jirgin, ruwan toka, an ɗaure shi da igiyoyi masu kaurin damtse.

Na daɗe ina son ganin irin wannan jirgi. Rayuwata a harkar sufuri na yi ta, tsakanin tashar Apapa da Kano, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ana loda tirela ya san cewa kaya ba sa kai kansu ko'ina. Idan ana ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu, janar-janar ake ambata da jiragen yaƙi masu manyan bindigogi. Ni kuwa tambayar da ke cina kullum ita ce: wa ya kai musu harsashin?

Tsawon jirgin ƙafa 455 ne, wajen mita 139 ke nan, faɗinsa ƙafa 62. Daga ƙasa ba ya burge ido. Gida ɗaya ne a tsakiya inda ɗakin kyaftin da na ma'aikata suke, gaba da baya kuma sandunan ƙarfe na ɗaga kaya sun yi cirko-cirko a kan bakin rumbuna biyar, uku a gaba, biyu a baya. Yana cikin jerin jiragen da Amurka ta kira Victory, waɗanda suka gaji jerin Liberty. An ƙera Liberty guda 2,710, amma gudunsu bai wuce kilomita 20 a awa ba, abin da ya sa jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka riƙa yi musu ɗauki ɗai-ɗai, wasu kuma gangar jikinsu ta riƙa tsagewa a ruwa mai sanyi. Sai aka sake zane. Aka sa wa Victory inji mai ƙarfi da ke kai shi kusan kilomita 29 a awa, aka kuma ƙara tazara tsakanin haƙarƙarin ƙarfen jikinsa don ya riƙa lanƙwasawa da igiyar ruwa maimakon ya karye. Yawancinsu kamfanonin farar hula ne suka tuƙa su. A cikin na dakon kaya, guda goma ne rundunar sojin ruwa ta karɓa ta sa sojojinta a ciki, wannan na ɗaya daga cikinsu. An saka shi a ruwa ranar 9 ga Nuwamba 1944, rundunar ta karɓe shi ranar 5 ga Disamba, da lamba AK-235.

Sunan kuwa na wani ƙaramin gari ne a jihar Ayowa, can tsakiyar Amurka inda babu teku ko kusa. Samarin Red Oak da yawa suna cikin rukunin soja ɗaya, kuma a watan Fabrairu 1943 sojojin Jamus suka rutsa da su a Tunisiya, wajen mashigin Faid. Wasu aka kashe, da dama aka kama su fursunonin yaƙi. Garin da jama'arsa ba su fi dubu biyar da 'yan kai ba sai ga wayar tangaraho tana ta shigowa gida-gida. Don a tuna da wannan rashi aka ba jirgin sunan garin, matar magajin garin ce ma ta zo har Richmond ta ƙaddamar da shi.

Kafin mu hau, na tsaya a gindin matakala na duba jikin jirgin da kyau. Ba a ɗinke shi da ƙusoshi ba, walda ce ta haɗa shi tun daga kai har wutsiya. Idan ka bi layin waldar da ido za ka ga hannaye daban-daban. Wani wuri layin ya tafi sumul, ƙwayoyinsa daidai wa daida, sai ka zo inda ya ɗan yi tudu, inda mai aikin ya tsaya ya canza sanda, ko wani ya karɓe shi. Fenti ya hau kan fenti shekara da shekaru amma bai ɓoye wannan ba. Na sa tafin hannu a kai, ƙarfen da sanyi ƙalau saboda iskar da ke kaɗowa daga ruwa.

Masu wannan hannu su ne rabin labarin. Henry Kaiser, wanda ya kafa maƙerun jirage huɗu a Richmond, ba maƙerin jirgi ba ne tun asali, ɗan kwangilar hanyoyi da madatsun ruwa ne. Dabarar da ya kawo ita ce a ƙera jirgi gunduwa-gunduwa a wurare daban-daban, sannan ƙugiyoyi irin wadda muka gani su ɗauko su a haɗa. Da haka ba sai an nemi ƙwararren da ya shekara goma yana koyo ba, mutum zai koyi walda cikin 'yan makonni ya kama aiki. A shekarun yaƙin an ƙera jirage 747 a wannan gari. A Nuwamba 1942 sun haɗa wani Liberty mai suna Robert E. Peary cikin kwana huɗu da awa goma sha biyar da 'yan mintoci, don dai su nuna za a iya. Ma'aikata sun kai wajen 90,000, ana aiki dare da rana. Garin da a 1940 jama'arsa ba su kai 24,000 ba ya haura 100,000 cikin 'yan shekaru, mutane na kwana a motoci da gidajen sinima saboda rashin ɗaki. Mata da yawa suka riƙe sandar walda, har aka buɗe wuraren renon yara don su samu zuwa aiki. Baƙaƙen fata suka yi ta tururuwa daga jihohin kudu kamar Luwiziyana da Teksas, alhali a 1940 su 270 ne kacal a garin. Sun samu albashin da ba su taɓa gani ba, amma ƙungiyar ƙwadagon ba ta karɓe su a matsayin cikakkun 'ya'yanta ba, reshe daban ta ware musu, suna biyan kuɗin ƙungiya ba su da ta cewa. Betty Reid Soskin, wadda ta yi aikin akawu a wannan reshe tana matashiya, ita ce daga baya ta zama ma'aikaciyar hukumar kula da wuraren tarihi a nan, tana ba baƙi wannan labari da bakinta har ta yi ritaya a 2022 tana da shekara 100.

Da na ambaci Kaiser, ɗan yayata ya ce ai sunan nan a jikin asibitoci ya san shi. Na ce nan ne tushensu. Tsarin kula da lafiyar da aka yi wa ma'aikatan maƙerun nan, inda ake cire musu santi 50 a mako daga albashi, shi ne ya girma ya zama Kaiser Permanente.

Wani dattijo ɗan sa-kai, sanye da rigar aiki duk tabon fenti, shi ya zaga da mu. Ya fara kai mu ɗakin tuƙi da ɗakin rediyo, da ɗakunan kwanan ma'aikata masu gadaje hawa-hawa, da wurin bindigogi. Lokacin yaƙi jirgin na ɗauke da babbar bindiga mai bakin inci biyar a baya, mai inci uku a gaba, da ƙananan bindigogin kakkaɓo jiragen sama guda takwas. Na duba su, amma hankalina yana kan rumbun kaya, kuma da muka sauka ciki ne na ji na iso inda na zo.

Rami ne mai zurfi, hawa-hawa, mai warin tsohon ƙarfe da man inji. Idan ka ɗaga kai sai ka ga bakinsa can sama, murabba'i, ta nan kowane kaya ke shigowa a rataye cikin raga. Na tsaya ina lissafi irin na mai lodi. Buhun hatsi idan ya suɓuce daga ƙugiya ya faɗo, asarar buhu ɗaya aka yi. A nan kuwa abin da ake saukowa da shi harsasan manyan bindigogin ruwa ne da gwangwanayen albarushi da bama-bamai. A jiragen harsasai akan shimfiɗa katako a ƙasa da bango don kada ƙarfe ya gogi ƙarfe ya ba da tartsatsi, a kuma tokare kowane jeri da katako don kada ya motsa idan teku ta yi fushi. Sannan dole mai lodi ya san abin da za a fara nema a can, kada ya binne shi a ƙasa. Duk wanda ya taɓa sauke rabin mota a bakin hanya don ciro kayan da ke ƙarƙashi ya san zafin wannan kuskure, balle a tsakiyar teku, jirgin yaƙi na jira a gefenka.

A watan Janairu 1945 aka yi wa jirgin lodin farko, a ma'ajiyar harsasai ta Port Chicago da ke gaba kaɗan a kan wannan ruwa. Wata shida kafin nan, daren 17 ga Yuli 1944, jirage biyu, E. A. Bryan da Quinault Victory, suka yi bindiga a wannan tasha ana tsakiyar aiki. Mutum 320 suka mutu nan take, 202 daga cikinsu baƙaƙen fata ne, domin a lokacin su rundunar ke ba aikin dakon harsasai, hafsoshi farare na tsaye a kansu. Ba a ba su horon kirki ba, hafsoshin kuma har gasa suke yi tsakaninsu kan rukunin wa zai fi loda tan mai yawa. Da aka ce waɗanda suka tsira su koma aiki ba tare da an gyara komai ba, sama da 250 suka ƙi. Aka gurfanar da 50 bisa laifin tawaye, aka ɗaure su. Lauya Thurgood Marshall, wanda daga baya ya zama alƙalin Kotun Ƙoli, ya zo ya halarci shari'ar ya kuma yi ta fafutuka a kansu. Sai ranar 17 ga Yuli 2024, shekara 80 cif, rundunar sojin ruwa ta wanke su. A ganina waɗannan mutane ba tsoro ne ya hana su aiki ba. Sun fi kowa sanin yadda ake lodin, sun ga inda gaggawa ta kai 'yan'uwansu, kuma ɗan dako yana da haƙƙin ya ce wannan kaya ba a ɗaukarsa haka.

Ranar 10 ga Janairu 1945 Red Oak Victory ya bar San Faransisko zuwa Pearl Harbor da ke Hawai. Daga Hawai ya tashi ranar 10 ga Fabrairu, ya bi ta Eniwetok, ya isa Ulithi ranar 28 ga wata. Dattijon ya nuna mana Ulithi a taswira, sai da ya sa ɗan yatsa sannan na gan shi. Zoben ƙananan tsibirai ne a yammacin tekun Fasifik, da wani makeken ruwa mai kwanciya a tsakiya. A nan Amurka ta kafa sansani a kan ruwa, ba a tudu ba: jiragen mai, jiragen gyara, jiragen abinci, jiragen asibiti, har da tasoshin gyara masu iyo da ke ɗaga jirgi sukutum daga ruwa. Rukunin da ke kula da wannan hidima shi ake kira Service Squadron Ten, a ƙarƙashinsa jirginmu ya yi aiki. Wurin ya zama kamar Dawanau a lokacin kaka, kowa ya zo ya ɗauki abin da yake bukata ya juya, sai dai a nan masu zuwa jiragen yaƙi ne ɗaruruwa. Lokacin ana gwabzawa da Japan a tsibirin Iwo Jima, ana kuma shirin afka wa tsibirin Okinawa ranar 1 ga Afrilu. Daga baya jirgin ya koma Filifin ya ci gaba da raba kaya har yaƙi ya ƙare a watan Agusta.

Aikinsa ke nan, ba wani abu ba. Jirgi ya matso, a ɗaure, a buɗe rumbu, a ɗaga raga, a miƙa, a rubuta a littafi. Gobe ma haka, cikin zafin da ke sa ƙarfen bene ya ƙona tafin ƙafa. Kuma ya yi wannan watanni ba tare da an rasa ran mutum ɗaya ba.

Don a gane nauyin wannan magana sai an dubi abin da ya sami takwarorinsa. Kwana ɗaya bayan an saka Red Oak Victory a ruwa, ranar 10 ga Nuwamba 1944, jirgin harsasai Mount Hood ya tarwatse a tashar tsibirin Manus, ba wanda ya tsira daga waɗanda ke cikinsa. A Ulithi kanta, wani makamin ƙarƙashin ruwa na Japan mai matuƙi a ciki ya nutsar da jirgin mai Mississinewa a watan nan na Nuwamba, sannan ranar 11 ga Maris 1945 jirgin saman ƙunar baƙin wake ya faɗa kan jirgin yaƙi Randolph yana tsaye a kan anga. A kusa da Okinawa, ranar 6 ga Afrilu, 'yan ƙunar baƙin wake suka hallaka Logan Victory da Hobbs Victory, dukansu ɗauke da harsasai. Matasan da ke kwana a gadajen nan da na gani, su kusan ɗari, sun san duk wannan. Kowace safiya suka tashi suka koma kan rumbu. Ba su da labarin artabu da za su ba jikoki, sai dai sun kula da aikinsu har ba abin da ya faru, kuma ni ina ganin wannan ya isa a tsaya a girmama shi.

A can cikin rumbun na tuna da tsofaffinmu 'yan Boma. A daidai watannin da jirgin nan ke raba harsasai a Fasifik, sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausawa da masu jin Hausa suke da yawa a ciki, suna dazukan Arakan da kwarin Kaladan suna fafatawa da Japan ɗin nan dai. Su ma a jiragen ruwa aka kwashe su zuwa Indiya, kuma da yawansu aikinsu ɗaukar kaya ne a ka, a inda mota ba ta shiga. Nasu labarin ma bai samu masu ba da shi yadda ya kamata ba.

Daga nan muka gangara ɗakin inji. Matakalar a tsaye take, sai ka juya baya ka riƙe ƙarfe da hannu biyu. Tukwanen tururi biyu ne ke ciyar da injin mai ƙarfin doki 6,000, ga bututu ko'ina an naɗe su da farin abin tare zafi, ga agogunan awo masu bakin tagulla, kowane famfo da alamarsa a rataye. Dattijon ya nuna mana doguwar hanyar da sandar farfela ta bi har wutsiyar jirgi. Yadda yake taɓa kayan wurin kaɗai ya isa ya gaya maka shekarun da ya ba wannan aiki kyauta.

Rundunar ta sallami jirgin ranar 21 ga Mayu 1946, amma bai huta ba. Kamfanin Luckenbach ya yi haya da shi daga 1947, ya yi jigilar kayan soja lokacin yaƙin Koriya. A 1956 ya ɗauki hatsin agaji zuwa Indiya da Pakistan, a cikin rumbunan nan da suka ɗauki bama-bamai. A tsakiyar shekarun 1960 aka sake fito da shi don yaƙin Biyetnam, a hannun kamfanin American Mail Line, yana kai-komo tsakanin Amurka da Biyetnam da Japan da Filifin har 1968. Wannan zango na ƙarshe bai kwanta mini a rai ba, domin na san abin da kayan da aka kai Biyetnam suka yi wa ƙauyukanta. Jirgin dako ba ya zaɓar abin da za a zuba masa, mutanen da ke ofis su ke zaɓa, kuma alhakin yana wuyansu.

Daga 1968 aka ɗaure shi a mashigin ruwan Suisun Bay da ke kusa, tare da ɗimbin tsofaffin jirage da gwamnati ta ajiye ko za a sake bukatarsu. Shekara 30 yana nan. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa jan maƙwabtansa ana kai su a yanka a sayar da ƙarfen. Mutanen gidan tarihin Richmond ne suka tashi tsaye, majalisar dokokin Amurka ta amince a 1996 a miƙa musu shi, a 1998 aka jawo shi gida. A cikin jirage 747 da garin ya ƙera, shi ne ya rage ana iya hawa a gani. A maƙera ta ɗaya aka haife shi, amma yanzu yana zaune a ta uku, wadda ita ce gine-ginenta suka fi tsira. Jiragen Victory uku ne suka saura a duniya: shi, da Lane Victory a Los Anjalas, da American Victory a Tampa.

Abin da ya riƙe shi har yau 'yan sa-kai ne, yawancinsu tsofaffin ma'aikatan jirgi da injiniyoyi da masu walda da suka yi ritaya. Mun tarar da biyu a bene suna kankare tsatsa, ɗaya na bin bayansu da jan fenti. Ruwan gishiri ba ya hutu, kafin su gama da wutsiya kai ya sake kamawa. Kuɗin aikin kuma daga tikitin baƙi yake fitowa da gudummawa, da karin kumallon da sukan shirya a kan bene da bikin da mutane ke kama wurin su yi. A 2018 suka ja jirgin zuwa makarantar koyon aikin jirgin ruwa da ke Vallejo, suka kunna tukwanen tururinsa karo na farko cikin shekara 50, kuma suka kama. Burinsu shi ne wata rana ya yi tafiya da ƙarfin kansa, amma hakan na bukatar gyaran da kuɗinsa ya fi ƙarfin tikiti. Da muka fito na zuba abin da ya sawwaƙa a akwatin gudummawa, yaron ma ya zuba nasa.

Muka yi azahar a gefen mota, iska na neman ɗauke mana darduma, sannan muka zagaya ɗaya gefen tashar zuwa tsohuwar masana'antar Ford, inda aka riƙa haɗa motocin jif da shirya tankokin yaƙi, yanzu kuma cibiyar baƙi ta wurin tarihin Rosie the Riveter, laƙabin da ake wa matan da suka yi aikin masana'antu lokacin yaƙin, tana gefenta. A can na tambayi yadda ake zuwa Port Chicago. Ma'aikaciyar ta ce wurin tunawa da mamatan yana cikin sansanin soja da har yanzu ake lodin harsasai a cikinsa, don haka ba a shiga kai tsaye, sai an nemi izini tun da wuri an tantance mutum. Na ce wa ɗan yayata ya karɓi takardar bayanin ya fara nema mana tun yanzu, ya kuma sa sunan babban ɗansa a ciki.